Hannunka Ko Ɗan Farina

Gawasa, ƙasar Ikara,
Asabar, 14 ga Oktoba, 1961.

Zuwa hannun Yarima Giɗaɗo, gidan Kawu Inuwa mai rake, Kudan.

Ya hasken idona, gamjin da nake fakewa a ƙarƙashinsa, ruwan farko bayan dogon rani, farar zumar da ban taɓa ƙoshi da ita ba! Ya maigidana, rufin asirina, sanyin ƙirjina! Sallama a gare ka, da gaisuwa mai tarin yawa, da begen da ya fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Ina fata kana cikin lafiyar da nake roƙa maka bayan kowace salla.

Ga labarin mutanen gida. Inna, mahaifiyarka, da sauƙi, sai dai gwiwar hagu ta matsa mata har ta koma yin salla a zaune, kuma duk sallamar da aka yi a zaure sai ta tambaya ko kai ne. 'Yarmu Hussaina ta yi tari kwana shida, yanzu ya lafa, amma ba ta karɓar komai sai kunu. Ƙanenka Sama'ila lafiya lau, shi ya tsaya aka yanke geron gonar gabas aka kai rumbu, dawa kuwa ta fid da kai, ta yi kyau ƙwarai. Jar akuyar nan ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Yaron nan, babban, wanda bakina ba ya kama sunansa, lafiyarsa ƙalau, yana zuwa makarantar Liman, an wanke masa allo sau biyu tun bayan tafiyarka. Ni kaɗai ce ba lafiya, kuma ciwon nawa ba irin wanda ake kaiwa ɗakin shan magani a Ikara ba ne.

Da hannuna nake rubuta wannan, da abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci, wanda kake tsokanata kana cewa na tashi neman zama akawu da goyo a bayana. Na gode Allah da ban biye maka na daina ba, don abin da ke cikin takardar nan ba zan iya faɗa wa wani ya rubuta mini ba. Ka karanta da kanka, kada ka miƙa wa kowa.

Wata uku ke nan cif, ya sanyin idona. Wata uku ina share ɗakinka kowace safiya, ina kakkaɓe buzun da ba mai hawa. Wace irin ƙasa ce Kudan da ta haɗiye mini kai haka? Tafiyar yini ɗaya ce a ƙafa, amma ta zame mini kamar bayan Maliya. Rake ya fi ni zaƙi ne? Fadamarsu ta fi tsakar gidanka sanyi? In na ga hadari ya haɗo daga gabas sai in ce wannan zai wuce ta kanka, in ji kamar in ba shi saƙo. In balbela ta tashi ta yi yamma sai in bi ta da ido har ta ɓace. Na zama kamar kurciyar da aka harbe mata miji, ba ta ci, ba ta tashi, sai kuka a reshe ɗaya. Kai kuwa gawo ne, Yarima, gawo sak! Kowane itace ya yi ganye da damina, kai ka zubar da naka ka tsaya a bushe don kada a ce ka bi sahun kowa. Don wannan taurin kan na so ka, ban musa ba. Yau shi ne yake neman ya kashe ni.

Ban ga laifinka ba a ranar da ka tafi. Allah ya karɓi ran mahaifinka, Sarki Ahmadu, farkon damina. Dattawan gari suka kai sunanka da na Ashafa gaban hakimi, aka wuce da su Zariya, takarda ta dawo da sunan Ashafa. Kai ne ɗan cikin marigayi, shi ɗan wansa ne. Na ga fuskarka da labarin ya iso, na ga yadda ka ajiye ƙwaryar fura ba ka kurɓa ba, ka ɗauki takalmi da sanda, ka fita ba ka shiga fada ka yi wa kowa sallama ba. Na ce a raina, bari ya huce, wuta in ta cinye kara ai takan kwanta. Ban yi zaton za a kai yau ba.

To, yanzu an sa rana. Ran Juma'ar nan mai zuwa, ashirin ga wata, bayan an sauko daga masallaci, za a naɗa wa Ashafa rawani a ƙofar fada. Ka fi ni sanin al'adar gidanku, amma bari in rubuta ta don ka gan ta da idonka kamar yadda nake ganinta dare da rana. Wanda ya nemi sarauta bai samu ba, ko dai ya zo ya durƙusa ya sa hannunsa cikin na sabon sarki kafin a ɗaura rawani, ko kuwa a ɗauki ɗansa na fari a shigar da shi fada, ya tashi a can, a riƙa kiransa ɗan sarki, ya fita daga lissafin gidan ubansa. Hannunka ko ɗanka, ba na uku.

Ga kuma abin da na aikata, wanda ya hana ni zama wuri ɗaya tun ran Litinin.

Da hantsi ina tankaɗe a ƙofar ɗaki sai ga Gwaggo Indo, ƙanwar marigayi, Magajiyar garin nan, tare da tsofaffi biyu na fada. Na shimfiɗa musu tabarma, na durƙusa muka gaisa, na kawo ruwa. Sai Gwaggo ta dube ni ta ce, “Sakinatu, mijinki ya yi zuciya ya bar mu da jidali. In bai zo ba kin san abin da ake yi. Me kika ce game da ɗanki?” Ɗanki! A gaban manya, da rana tsaka, aka haɗa ni da ɗan farina a magana ɗaya. Ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska na juya wajen bango ba. Bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa, abin da uwata ta faɗa a kaina, abin da kowace mace mai kunya take faɗa. Na ce, “Ni ina na ga ɗa? Ai naku ne, Gwaggo.” Kafin in rufe baki ɗaya tsohuwar ta rangaɗa guɗa, ɗayar tana cewa, “Ta bayar, 'yar albarka, ta bayar!” Kafin azahar magana ta kai bakin rijiya, kafin la'asar an turo maɗinki ya auna shi.

Wayyo ni, Yarima! Shekara takwas nake faɗin wannan kalma. Na faɗe ta ran suna, na faɗe ta ranar da ya fara takawa, na faɗe ta da ya warke daga kaciya mata suka zo yi mini barka. Ba ta taɓa cin mini komai ba, yabo ma take jawo mini, a ce matar Yarima akwai kawaici. Ina zan san akwai ranar da za a ɗauke ta a kan gaskiya? Kowa a garin nan ya san ba abin da ake nufi ke nan ba. Gwaggo ma ta sani, ita ma uwa ce. Amma an yi a gaban shaidu.

Washegari na yi lulluɓi na tafi wurinta. Na zauna har inuwa ta juya ina kewaye-kewaye, na kasa fitar da maganar, sai hawaye. Ta gane. Ta yi dariya ta ce, “Ke da kika koyi karatun boko, shi ne ya koya miki kuka a kan ɗan fari? Maza share, kada 'yan daka su sa ki a waƙa.” Da ta ga ban daina ba sai ta sassauta murya, ta ce uwa ba ta janye kyauta a gidan sarauta, abu ɗaya ne yake warware wannan, shi ne uban ya zo ya ba da hannu.

Tun da bakina ya cuce ni, bari hannuna ya faɗi gaskiya. Auwalu. Muhammadu Auwalu. Ga shi na rubuta, ban mutu ba. Ɗana ne, ina son sa, ina son sa fiye da numfashina. Ina sane da haƙorin da ya fita masa a makon jiya, ni na tsince shi a bakin murhu na ɓoye. Ina sane da cewa ba ya son miyar kuka sai an sa mata wake. In ya dawo daga makaranta nakan yi kamar ina duba tukunya, alhali ƙafafunsa nake dubawa ko ya taka ƙaya. Ban taɓa ɗora shi a cinya a gaban mutum ba. Shi kansa ban sani ba ko ya san ina son sa, kuma ga shi za a tafi da shi kafin ya sani.

Kada ka ce mini fada ai nan ce kusa, katanga biyu ce tsakani. Ka manta da Inna Jamila? Ni ban manta ba, na same ta da rai lokacin da aka kawo ni garin nan. Mijinta ya nemi sarauta tare da mahaifinka bai samu ba, ya ƙi ba da hannu, aka ɗauki ɗanta Ashafa yana ɗan shekara bakwai aka kai shi ɗakin Inna mahaifiyarka. Tare kuka tashi, akushi ɗaya, tabarma ɗaya. Ita kuwa wadda ta haife shi, sai da salla take ganinsa, ya zo cikin 'ya'yan sarki ya gaishe ta daga bakin ƙofa kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa a unguwa. Na sha ganinta tana soya ƙuli-ƙuli ta ba yara su kai fada a raba wa kowa da kowa, don dai guda ɗaya ya faɗa hannunsa. Har ta koma ga Allah bai taɓa kwana a gidanta ba. Katanga biyu ce ita ma.

Ashafa ba mugu ba ne, kada zuciya ta gaya maka haka. Ya aiko wa Inna da man zafi don gwiwarta, ya kuma gaya wa Sama'ila a keɓe cewa ya fi son hannun ɗan'uwansa a kan ɗan ɗan'uwansa, don shi ya san ɗacin abin. Amma wanda ba a naɗa ba tukuna ba shi da bakin karya al'ada, dattawa sun zuba masa ido.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi ci mini rai, ka yafe mini in na yi zato mara kyau. Mata suna ta shigowa yi mini murna. Suna cewa, ke kam kin dace, ai hanyar rawani ke nan, dubi Ashafa, da ba a ɗauke shi ba da yanzu yana bayan shanu. Sun ce dattawa sun zaɓe shi ne don ya haɗa gida biyu, jinin wancan, renon wannan, kuma watarana haka za a ce da yaron nan. Tun da na ji wannan wani tunani ya shige ni ya ƙi fita. Ko kai ma ka yi wannan lissafin? Ko shirun nan naka ba fushi kaɗai ba ne? Ko ka ce a ranka, ni ba zan durƙusa ba, kuma ɗana zai karɓo mini abin da aka hana ni? Ina kore tunanin kamar yadda ake korar tsuntsu daga gonar dawa, in kore shi nan ya sauka can. Ina daka yana nan, ina salla yana nan. In haka ne, Yarima, ka ji ni da kyau: ban haifi sarki ba, ɗa na haifa. Rawanin da za a ɗaura masa bayan shekara talatin, ina kabari ko ina tsohuwa mai aika ƙuli-ƙuli, me zai amfana mini? Me zai amfana masa, in ya tashi yana kallon mahaifiyarsa kamar baƙuwa?

Ka tuna ranar da ka fara ganina? Ƙarshen damina ne kamar yanzu. Mun taso daga Janfalan za mu kasuwar Makarfi da ƙannena mata, rafi ya kawo, muka tsaya a gaɓa da kayan kuɓewa a ka muna jiran ya janye. Ka iso a kan keke, da farar riga, ɗan sarki guda. Ka naɗe wando, ka saɓa keken a kafaɗa ka haye, sannan ka dawo ka karɓi ƙwaryata ka ɗora a kanka. Mutanen da ke gaɓa suka yi ta dariya, wani tsoho yana cewa yau ga ɗan sarki ya zama ɗan dako. Ko a jikinka. Da muka haye ka karya rake a gwiwa, ka fere da haƙori, ka miƙo mini gaɓar tsakiya, ka ce ita ta fi zaƙi. Rigarka ta yi jirwaye da laka har kafaɗa. Ban iya ɗaga ido na dube ka ba, amma tun daga ranar ban sake shan rake ban ji ƙanshin rafin nan ba.

Ka tuna abin da ya biyo baya? Gidanku suka ce ɗan sarki ba ya auren 'yar manomi daga Janfalan, ga 'ya'yan dangi birjik. Me ka yi? Ka tafi zauren mahaifinka ka cire hula ka durƙusa. Ya tashi ya shige gida, ka kwana biyu kana dawowa kana durƙusawa a wuri ɗaya, fadawa suna tsallake ka, har ran na uku ya ce, tashi, na ba ka. Gwiwar nan taka ta taɓa ƙasa saboda ni, ni da ba kowa ba, 'yar mai kuɓewa. Ba wanda ya ce ka ƙasƙanta. Har yau in 'yan mata suna waƙar gaɗa sukan sako zancen. Ashe gwiwar da ta yi kwana uku a ƙasa don uwa, ba za ta yi ƙiftawar ido don ɗa ba?

Huɗu muka binne, ya abokin kukana. Biyu ba su kai suna ba, sai mai sunan Kawu da ƙyanda ta ɗauke, sai Hassana da ta tafi ta bar 'yar'uwarta. Ranar da kuka dawo daga kai Hassana, ka shigo ɗakina da ƙasar kabari a ƙafarka, ka zauna a bakin gado. Yaron nan yana tsakar gida yana wasa da gwangwani. Ka daɗe kana kallonsa ta ƙofa, kai da ba ka taɓa yarda a ga kana kallonsa ba, sannan ka riƙe hannuna ka ce, “Allah ya bar mana wannan.” Sau ɗaya ka faɗa, ni kaɗai na ji. To, Allah ya amsa, ya bar mana shi. Mu ne za mu bayar da shi da hannunmu?

Ba na roƙon ka ce Ashafa ya fi ka. Ba na roƙon ka karɓi wata sarauta a ƙarƙashinsa, ko ka riƙa zaman fada. Ba sai ka ambaci yaron ba ma, kunyarka tana nan a rufe, ba wanda zai ce don ɗa ka zo. Ka iso ran Juma'a, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka sa hannunka cikin na mutumin da kuka ci tuwo a akushi ɗaya, ka tashi. Shi ke nan. In bayan haka ka ce ba za ka ƙara kwana a Gawasa ba, wallahi kafin ka rufe baki na ɗaure kayana. Zan bi ka Kudan, in zauna a bukkar kara, in riƙa juya ruwan rake a kasko ina zuba mazarƙwaila har hannuna ya yi kanta, in dai da kai, da Hussaina, da shi. Ni ban auri rawani ba. Mutumin da ya ɗauki ƙwaryata a ka na aura, kuma a idona babu sarkin da ya kai shi, ko an naɗa ko ba a naɗa ba.

Ya taurarona na asuba, ya inuwata, ya ruwan randata mai sanyi! Duk abin da ka yanke, ni taka ce. Ko ka zo ko ba ka zo ba, ba zan buɗe baki in zage ka ba, ba zan kai ƙararka wurin kowa ba, ɗakinka zai ci gaba da shan shara har ranar da za a fitar da ni daga gidan nan a makara. Kogi ya ƙafe, dutsen Ikara ya tashi daga inda yake, son da nake yi maka yana nan inda ka bar shi. Amma ina jin tsoro, Yarima. Ina tsoron in zauna da kai sauran rayuwata ina son ka, ina kuma tuna cewa kana da hannu ka hana.

Mamuda mai lori zai ba ka wannan gobe in ya zo ɗaukar rake. Ran Laraba zai taso daga kasuwar Makarfi ya biyo ta nan kafin magariba, na roƙe shi ya fara tsayawa wurinka. Don girman Allah ka ba shi amsa, ko layi ɗaya ne, zan iya karantawa. In zuwa za ka yi, ka ce ina zuwa, in samu in haɗiyi abinci. In kuwa ba za ka zo ba, ita ma ka rubuta, kada ka ji nauyina. Ka bar mini Alhamis guda in wanke masa tufafinsa da hannuna, in rufe ƙofa, in zaunar da shi a gabana, in gaya masa wace ce ni a wurinsa. Kada Laraba ta wuce. Kada ka bari in ji amsarka daga bakin maroƙi ran Juma'a.

Taka har abada,
Sakinatu.